Kai ɗalibai Dutsen Bima da bakin Gongola: ta ina ake farawa?

Malamar Jogurafi, Pantami:

Assalamu alaikum. Makarantarmu na shirin kai ɗaliban aji biyar na sakandare su 18, maza da mata, tare da malamai 3, zuwa Dutsen Bima da bakin kogin Gongola ta wajen Dadin Kowa. So muke su ga dutsen yashi da yadda ruwa ke cin gaɓa da idonsu, ba a allo kawai ba. To amma an ce mana mutanen yankin ba sa wasa da dutsen, akwai wuraren da baƙo ba ya takawa. Wasu iyayen ma har sun fara tambaya ko wurin tsafi za mu kai musu 'ya'ya. Don Allah masu sani: wa ake neman izini wurinsa, me ake riƙe masa, wane wata ya fi, yara za su iya ɗebo ɗan gutsuren dutse don ɗakin gwaji, kuma ana iya haɗawa da Burmi, garin tarihin nan da aka yi yaƙi da Turawa, a rana ɗaya?

Tsohon Magatakardan Hakimi:

Wa alaikumus salam Malama. Fara da iznin, sauran duk a kansa suka rataya.

Dutsen yana cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, ƙasar Terawa. Takarda biyu shugaban makarantarku zai rubuta: ɗaya zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Deba, ɗaya zuwa fadar masarauta. A ciki a faɗi ranar, adadin mutane, maza nawa mata nawa, abin da ya kawo ku, da lambar wayar malamin da ke jagoranta. Ta ƙaramar hukuma don tsaro ce, don a san akwai baƙi a daji. Ta fada ita ce mai buɗe hanya. Fada za ta tura ku wurin hakimi, hakimi ya haɗa ku da dagaci, dagaci kuma shi ya san gidan da lamarin dutsen ke hannunsu. Kada ku zaɓi ƙauyen da za ku hau ta cikinsa daga taswirar waya. Garuruwan wannan ɓangare, irin su Hinna, Gwani, Shinga da Wade, kowanne ya san iyakarsa, kuma hakimi ne zai ce ku bi ta nan.

Inda mutane ke kuskurewa shi ne su zo da motar ɗalibai cike ranar da suke neman iznin. Wannan ba neman izini ba ne, sanarwa ce. Dattijo zai ji nauyin korar yara, ya ce ku tafi, amma ba zai ba ku mutumin kirki ba, kuma makarantar da za ta zo bayanku ita za ta sha wuyar. Malamai biyu su je tun saura mako biyu, da hantsi, ba ranar Juma'a ba, ba ranar kasuwar garin ba. A samu namiji mai ɗan shekaru a cikinsu. Ba don ke ba ki isa ba, Malama, sai don zauren dattawa ya fi sakin baki da irinsa, ke kuma za ki fi samun labari a cikin gida wurin iyaye mata, wanda sau da yawa ya fi na zaure amfani.

Abin gaisuwa: goro. Ƙwarya ɗaya goro 100 ce, rabin ƙwarya ya wadatar wa hakimi, a ƙulla wa dagaci nasa daban, ko da ashirin ne. Ana ajiyewa ne a gaban wanda ya yi muku iso, ba a miƙa wa basarake hannu da hannu. A cire takalmi tun daga ƙofar zaure, a durƙusa, a gaisa a tsanake kafin a kawo magana. Ladan ɗan rakiya kuwa a yanke shi a gaban dagaci tun ranar, a faɗi adadin da baki, a biya bayan an sauko. In aka bar shi a "sai abin da kuka bayar", rigima ce a gindin dutse da la'asar, yara na kallo.

Sai tambayoyin da za ku yi, kuma a rubuta amsar. Ina ne iyakar da baƙo ke tsayawa? Akwai wurin da mata ba sa zuwa, ko wanda maza ba sa zuwa? Akwai ranar da ba a hawa? Ana ɗaukar hoto, kuma na me ba a ɗauka? Ana kunna wuta? Ina ake kewayawa in fitsari ya kama yaro? Ana yin fito ko kiɗa? Akwai itace ko ruwan da ba a taɓawa? Dokokin irin waɗannan duwatsu sun bambanta daga gari zuwa gari, har daga fuskar dutse zuwa wata fuskar, saboda haka abin da wani ya gaya miki a Gombe ba hujja ba ne. Na bakin mai wurin shi ne doka.

Abu ɗaya kada a tambaya: "me ya sa?" In aka ce ba a shiga kogon can, shi ke nan. Wani abin ba a faɗa wa baƙo, wani ma ba a faɗa wa ɗan gari sai ya kai wasu shekaru. Malamin da ya dage da neman dalili a gaban yara yana tilasta wa dattijo ko ya yi masa ƙarya ko ya yi shiru, kuma duka biyun ɓata tafiya suke yi.

In kuka haɗu da wani a hanya ya ce sai an sayi baƙin bunsuru ko an ajiye kuɗi kaza kafin a wuce, alama ce kun tsallake wani a jerin da na lissafa. Kada a yi ciniki da shi, a kira dagaci.

Ɗan Bakin Gongola:

Baba ya gama da zaure, ni bari in yi maganar ruwa da rana, don su suka fi cutar baƙi.

Lokaci: daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ciyawa ta rufe sawu, dutse na santsi, hanyoyin ƙauye kuma taɓo ne, bas mai ɗaukar mutum 18 ba za ta fita ba. Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, dutsen kuma ya riƙe zafin ya mayar wa mutum ta tafin ƙafa. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin hawa, sai dai hazo kan rufe kwarin har ba a ganin kogin daga sama. Tunda kallon kwarin ne ya kawo ku, ƙarshen Nuwamba ya fi. Illarsa ɗaya: lokacin ne ake fara ƙona daji. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, saboda haka in aka hango hayaƙi a ƙasanku, ba a ci gaba da hawa, a ratse gefe zuwa fili mai dutse tsantsa.

Daga Gombe zuwa Dadin Kowa bai kai kilomita 40 ba a kan hanyar Biu. Ku tashi bayan asuba, ƙarfe 7 ta yi muku a gindin dutse, ƙarfe 11 kuma a juyo ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. A sa wannan lokacin juyowa tun a makaranta, don a kan dutse kullum akwai mai cewa saura kaɗan.

Ruwan sha lita 3 kowane mutum. Ledar ruwa rabin lita ce, wato guda 6 ga mutum ɗaya. Ku 21 ne, ga direba da 'yan rakiya biyu, 24 ke nan, guda 144. Jaka na ɗaukar 20, to ku sayi jaka 8. Kowane yaro ya ɗauki huɗu a jakarsa, sauran su jira a mota. Ledojin kuma su dawo da ku a ƙirge. Babu abin da ke ɓata wa masu wuri rai kamar su hau washegari su tarar da farar leda a kan kowace ƙaya.

Yanzu kogin. Gongola ya taso ne daga tsaunukan Filato, ya yi arewa maso gabas har wajen Nafada, ya karyo kudu ta Dadin Kowa, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A Dadin Kowa akwai madatsar ruwa, har da injinan lantarki masu megawat 40. Abin da wannan ke nufi ga mai tsayawa ƙasan dam shi ne ruwa na iya ƙaruwa ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba, in an saki ruwa. Tsibirin yashin da aka taka da ƙafa da safe yana iya zama tsakiyar ruwa da azahar. Kada yara su tsallaka kan irinsa. Gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa ita ma tarko ce: samanta kamar ƙasa mai ƙarfi, ƙarƙashinta rami. In za a nuna musu zaizayar, a tsaya taku biyar daga baki, ko a kalle ta daga gefe.

Akwai dorina a wannan ruwa, manoman Hinna da kewaye sun daɗe suna kuka da ɓarnarta. Da rana tana cikin ruwa, da yamma take fitowa kiwo. Ba a shiga tsakaninta da ruwa, ba a matsawa kusa da mai ɗa, kuma gudunta a tudu ya fi na mutum duk da jikinta. In kun ga faffaɗan sawu mai yatsu huɗu da hanyar da ta murje ciyawa daga ruwa zuwa gona, wurin ba na zaman cin abinci ba ne. Sarkin ruwa ya san inda suke kwana, a tambaye shi.

Kwale-kwale kuwa, ni shawarata a bar shi. In dole ne, kowa da rigar kariya, mutum biyar ko shida a sawu ɗaya, kowa a zaune, ba a sauya wuri a tsakiyar ruwa, kuma ba a shiga bayan la'asar. Wanka babu shi sam, ko wanke ƙafa. Akwai tsargiya: ƙwayar cutar na fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fata cikin 'yan mintuna, sai bayan wata biyu ko uku yaro ya fara fitsarin jini, lokacin kowa ya manta da tafiyar. Alwala a yi da ruwan da kuka zo da shi.

Ɓangaren dam ɗin kansa yana ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama, akwai masu gadi. Iznin hakimi bai shafe shi ba, takardarsa daban.

Almajirin Tarihi, Jekadafari:

Allah ya saka wa Baba da ɗan'uwa. Ni zancen iyayen nan ne ya tsaya mini, domin in ba a amsa shi da kyau ba, rabin yaran ba za su zo ba.

A gaya musu cewa girman Bima ba na mutanen gargajiya kaɗai ba ne. Terawa sun zauna a gindinsa tun kafin jihadi, kuma yau galibinsu Musulmi ne da Kirista, saboda haka kiran wurin matsafa cin fuska ne ga mutanen da za su karɓe ku. Bayan haka, a ƙarni na 19 dutsen ya shahara a tsakanin Musulmin ƙasar Hausa da Fulani masu jiran bayyanar Mahadi, waɗanda suka ɗauke shi wurin da jama'a za ta taru kafin a nufi gabas. Wannan ne ya sa kwarin Gongola ya zama matattarar masu wannan aƙida. Malam Jibrilla Gaini ya kafu a Burmi har ya gagari masarautar Gombe, sai a 1902 Turawa suka kama shi. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, a Burmi aka yi gumurzun ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903, inda ya yi shahada. Manjo Marsh na ɓangaren Turawa shi ma a nan ya mutu. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau da sunansa ake kiransa. Uban da ya ji wannan zai gane tarihin kakanninsa ne ɗansa zai je gani.

Ta fuskar addini kuma, tsayawa a iyakar da mai wuri ya shata ba bauta ba ce, haƙƙin maƙwabtaka ne. Aya ta 108 a Suratul An'am ma ta hana zagin abin da wasu ke kira, don kada a jawo ramuwa. Abin da ba za ku yi ba a fili yake: ba ku yanka, ba ku ajiye wani abu da sunan roƙo, ba ku ɗebo ƙasa don tabarruki. In an kai matakin da sai an yi wani abu irin wannan kafin a wuce, sai a ce mun gode, nan ma ya ishe mu. A ja wa yara kunne tun a aji, musamman masu zafin wa'azi: ba a je gyara wa kowa aƙida ba. Yaro ɗaya ya yi tsaki ko ya ture wata tukunya da ƙafa, an rufe ƙofar ga kowa.

Inda na ɗan saba da Baba shi ne goro. A yau dattawa da yawa sun fi amfana da sukari, sabulu ko ɗan abin cefane, kuma wasu ba sa cin goron ma. Sai a haɗa.

Burmi a rana ɗaya da Bima? A'a. Burmi tana ƙaramar hukumar Funakaye ne, kusa da Bajoga da Ashaka. Sai kun dawo Gombe kun ɗauki wata hanyar, da yaran da suka riga suka gaji. A ware mata ranarta.

Tsohon Magatakardan Hakimi:

Malam, a haɗa ɗin babu laifi, amma goron kada ya fita. Ba don a ci ake kai shi ba. Dagaci zai raba wa waɗanda ke zaune, duk wanda ya karɓi ɗaya ya zama shaida cewa an yi sallama da ku. Sabulu ba ya wannan aikin.

Malamar Jogurafi, Pantami:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Burmi mun ɗage ta zuwa zango na gaba. Saura maganar gutsuren dutse. Kuma wani malaminmu yana da ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, yana son zuwa da shi.

Mai Nazarin Duwatsu, Bauchi:

Malama, kada a ɗauki komai daga jikin dutsen, kuma ba ki yi asara ba. Shimfiɗar dutsen yashin da masana ke kira da sunan Bima, sunan da masanin duwatsu J.D. Falconer ya sa mata a 1911 daga wannan dutse, ba a nan kaɗai take ba. Ta bazu a kwarin Gongola da na Yola, ta haura shekara miliyan 100, kuma tana cikin shimfiɗun da masu neman mai ke nazari a yankin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe. Samfurin da kike so za ki same shi inda aka yanka tudu don hanya, ko wurin masu fasa dutse, ba tare da kin taɓa abin kowa ba. Yaro 18 kowa da guduma a wurin da ake girmamawa, ko ba a hana ba, bai yi kyan gani ba.

Abin da za su yi a can da ido da littafi ya fi gutsure. Su duba layukan da suka karkace a cikin shimfiɗa, waɗanda ke nuna inda tsohon ruwa ya dosa lokacin da yake ajiye yashin. Su ajiye biro a gefe don ma'auni su zana. Su lura da inda ƙwayar yashi ke da kauri har da tsakuwa, da inda ta yi laushi. Sannan su sauko bakin kogi su ga yashin yau yana yin irin layukan nan. Darasin ke nan gaba ɗaya.

Wajen hawa, dutsen yashi ba kamar duwatsun Bauchi masu tauri ba ne. Yana ɓantarewa. Abin da hannu ya kama yana iya biyo hannun, in kuma ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi. A buga da tafin hannu kafin a dogara da shi, in ya yi ƙarar abu mai rami a ciki, a sake shi. Kada yara su jeru wani a saman wani a gangare, don dutsen da na sama ya ture na ƙasa yake samu. A bi a karkace, da tazara, duk wanda ya ture dutse ya ɗaga murya ya ce "dutse!" Ɗan rakiya a gaba, malami ɗaya ga yara shida, malami mafi ƙarfi a ƙarshe. An fi faɗuwa wajen saukowa, ƙafa ta gaji, hankali ya tafi mota. Takalmi mai rufi da igiya, ban da silifa. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashi, hijabi kuma matsakaici, dogo yana kama ƙaya yana rufe wurin taku.

A kula da ƙudan zuma, a tsagar dutse suke gini. Ban da turare mai ƙarfi ranar, ban da jifa cikin kogo, ban da hayaƙi. In sun taso, a rufe fuska da mayafi a bar wurin ta hanyar da aka zo, kada a watse, don gudun tsoro a kan dutse ya fi harbin illa.

Jirgin hoton a bar shi a gida. Tashinsa na bukatar iznin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro, ga shi kuna kusa da dam. Ban da haka, yana leƙa ainihin wuraren da aka ce kada a shiga. An hana ƙafa, sai ido ya je ta sama, wannan ha'inci ne.

In wata rana kuka nufi zanen duwatsu na jihar Bauchi, kamar Dutsen Zane kusa da Geji, ko na Shira, su suna cikin wuraren tarihi da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ayyana, sai a fara da ofishinta. Can babban laifin shi ne watsa wa zanen ruwa don ya fito a hoto. Ruwan na jawo gishirin cikin dutse ya fito ya ɓamɓare launin. Haka taɓawa da hannu, bin layin da alli, da kunna wuta a ƙarƙashinsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Bolari:

Yaya Malama, ba wanda ya yi maganar maciji, kuma Gombe ce. Kububuwa, wadda ake ce wa gobe da nisa, ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da busasshiyar ciyawa. Yara kada su ɗaga dutse da hannu, kada su cusa hannu a rami, kada su zauna sai an duba.

In ta sari wani: a kwantar da shi, a cire zobe, agogo ko takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a ɗaure sama da wurin da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci da baƙin dutse. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa tsagawar ke zama jinin da ba ya tsayawa. Saboda wannan dalilin kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, farasitamol kawai. Ko yaron ya ce ya ji sauƙi a tafi asibiti, don jinin dasashi da na fitsari kan zo ne daga baya. A can za a zuba jininsa a kwalba a jira minti 20 a ga ko ya daskare. A rubuta lokacin da aka yi saran. Kada a tsaya farautar macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu. Asibitin masu saran maciji yana Kaltungo, daga Dadin Kowa kuma sai an biyo ta Gombe, saboda haka tun kafin ranar a bincika inda ake da allurar dafin a cikin Gombe, a riƙe lambar waya. In kumurci ne ya yi tsartuwa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, ledoji biyar ko fiye, sannan asibiti.

A akwatinku a sa bandeji, filasta, almakashi, farasitamol da ƙullin gishiri da sukari guda 10. In sun ƙare, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya fara ciwon kai, jiri ko amai a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, ya sha a hankali. Wanda ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan na mota ne nan take. A takardar amincewar iyaye a sa layin da za su rubuta ko yaro na da asma, sikila ko farfaɗiya. Mai sikila ya tsaya a gindin dutse tare da malami ɗaya. Direba kuma kada ya tafi kasuwa da motar, ya juya kanta ta fuskanci hanyar fita, makulli a aljihunsa.